Wanda Yake Yi Wa Soja Farar Ƙasa

A ranar farko ta zaman makokin Kaka, ni na kori masu ta'aziyya daga gidanmu. Ba su kaɗai ba, har da duk mutanen benen, ciki har da wani maƙwabcinmu da ya sauko da kumfar sabulu a kunne.

Umma ce ta ce in kunna turaren wuta, don falo ya cika da maza kuma esi, na'urar sanyaya ɗaki, ya fara gazawa. Na duba, gawayin turare ya ƙare. Sai idona ya faɗa kan wani baƙin dunƙule da ke tagar ɗakin Kaka. Na ce ai gawayi gawayi ne, na ɗora shi a kan gas. Da farko ya yi shiru kamar mai tunani. Can sai ya saki wani hayaƙi rawaya-rawaya mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙararrawar gobara ta ɗauka. Malamin da ke jan addu'a a kan matattakala ya ƙarasa ta, muna biye da shi muna amin muna tari. Muka tsaya cirko-cirko a bakin titi cikin ranar Deira, unguwarmu a Dubai, mai gadin bene yana zagaye mu yana ta “mushkila, mushkila.”

Baba bai dake ni ba. Da muka koma sama ya ɗauki guntun da ya rage da cokali, ya daɗe yana kallonsa, ya ce, “Kwal ne. Daga ramin da ya yi aiki ya zo da shi.” Da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Aka ci gaba da zama. Alhazan kasuwar Naif, abokan kasuwancin Baba, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. “Ya haƙuri? Allah ya jiƙan tsoho. Mutum ne mai shiru-shiru.” Kaka mai shiru-shiru! Wani ɗan Nijar da shagonsa ke kusa da ofishin aika kaya na Baba ya ce, “Wallahi tsohon nan gentil ne, mutumin kirki, kullum yana zaune kan kwali da carbinsa.” Kafin shayi ya huce hira ta koma kan wata kwantena da ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Ban ga laifinsu ba, kowa a gajiye yake, kowa da wayarsa na ruri a aljihu. Mutum ɗaya ne ya yi kuka har kafaɗunsa na rawa, shi kuma bai ma shigo falon ba. A bakin ƙofa ya tsaya da kayan aikinsa a jiki, don Kirista ne, bai san ko ya dace ya zauna cikin masu addu'a ba. Mai gyaran esi ne ɗan Filato, Kaka ya sa masa suna Mai Sanyi. Baba ya tashi ya kamo hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi.

Mutanen nan tsohon kan kwali suka sani. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kafin ni ma in fara tuna shi haka.

Baba ya kawo Kaka Dubai ne don ganin likita, saboda tarin da ya ƙi jin magani. An ce wata biyu zai yi. Likita ya ga hoton huhunsa, wata biyun suka zama shekaru. A ɗakina aka sa masa gado, ni na koma katifa a ƙasa, tun daga nan muka ƙulla gabar da ke tsakanin kowane jika da kakansa. Ina ce masa Alhaji Kwal. Shi kuma yana ce min Balaraben ƙarya, don a nan aka haife ni kuma Larabcin nawa bai wuce “yalla” da “khalas” ba.

Tarinsa kuwa, wallahi idan ya fara har kwanukan kicin suna amsawa. Na taɓa ce masa ya rage sauti, kada gwamnati ta caje mu kuɗin girgizar ƙasa. Ya jefe ni da takalmi, ya same ni kuwa. Mutumin da numfashi ke yi wa wuya, amma bai taɓa kuskuren saiti ba.

Duk dogon benen da aka nuna masa a garin nan, tambayarsa ɗaya ce: “Me ya tokare shi?” Idan muka shiga wuri mai rufi, sai ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa sama, ya karkata kai yana saurare. Haka suke yi a cikin rami kafin su fara sara, in ji shi, don rufin da zai rufto sautinsa daban ne. Ya yi wannan a lifta, ya yi a asibiti, ya yi a wani shagon zinare har ma'aikata suka fara kallon juna. Abu ɗaya da ya so a Dubai shi ne metro, jirgin ƙasan cikin gari, shi ma sai daidai inda yake nutsewa ƙarƙashin ƙasa. Da duhu ya rufe tagogi sai ka ga kafaɗunsa sun sauka. Ranar da na yi fito a ciki kuwa ya ranƙwashe ni a gaban jama'a. “Ba a fito a ƙarƙashin ƙasa, ja'iri.” Na ce, “Alhaji Kwal, akwai esi fa a nan, da wayar sadarwa.” Ya ce, “Ƙasa ce a kanka ko ba ƙasa ba?”

Garinsu ban taɓa zuwa ba, amma na san shi kamar na yi tallan gyaɗa a cikinsa. Ƙaramin gari ne a gindin wani tudu, can tsakiyar Najeriya. Kafin a buɗe ramin kwal bukkoki ne 'yan kaɗan. Lokacin yaƙin basasa aka matsu da kwal don jiragen ƙasa, sai leburori suka taho daga ko'ina, Hausawa da Tibi da Igala da mutanen Filato, kowa ya kafa unguwarsa. Kaka da yayansa suka zo tare, suna samari. Ya ce a garin nan fararen kaji ma toka-toka suke, kuma idan aka tashi daga aiki uwa ba ta gane ɗanta sai ya yi magana.

Wata rana, daidai lokacin canjin aiki, babbar motar soja ta tsaya a bakin ramin ana neman masu shiga yaƙi. Maza suka hau da baƙin kwal a fuskokinsu, ko wanka ba su yi ba. Yayan Kaka ya cire fitilar goshinsa ya miƙa masa, ya ce ɗaya ya tsaya saboda tsohuwa. Ya hau. Bai dawo ba, gawarsa ma ba ta dawo ba. Haka da yawa daga cikinsu.

Da yaƙi ya ƙare, ba gwamnati ce ta gina musu abin tunawa ba. Leburorin ne. Duk wanda ya fito daga rami sai ya fito da dutse ɗaya a ka, ya ajiye a filin da motar ta tsaya. Suka kafa ƙarfen dogo a tsakiya, suka yi ta jera duwatsu da siminti har ginshiƙin ya fi mutum biyu tsawo. Mutanen gari suka sa masa suna Soja. A gindin Soja ake jiran mota, a gindin Soja ake sayar da ƙosai, a nan samari ke tare 'yan mata.

Na tambaye shi ko sunan yayansa na jiki. Ya yi dariya har ta koma tari. Ya ce babu suna ko ɗaya. An yi niyya, sai rigima ta tashi: wasu sun ce da ajami, wasu sun ce da boko, wasu suna son gicciye a sama, wasu sun ce sai dai wata. Har an fara naɗe hannun riga. Sai helmansu, wato shugaban leburori, ya ce kowa ya yi shiru, a kawo farar ƙasa. Aka shafe Soja fari fat. “Idan ya yi fari,” in ji Kaka, “kowa ya san nasa na ciki.”

Matsalar ita ce gari ne na kwal. Kafin shekara ta zagayo Soja ya koma baƙi. Don haka duk lokacin da damina ta ɗauke sai a wanke shi a sake shafe shi. Da farko taro guda ake yi, da kiɗa. Aka rufe ramin, mutane suka watse, masu shafen suka yi ta raguwa, har ya zama Kaka ne shi kaɗai da bokiti da tsani, yara na riƙe masa. Bai taɓa fashi ba sai da Baba ya ɗauko shi.

Da ya zo nan sai ya bar aikin a hannun Baffa, ɗan ƙanensa da ya rage a can. Kowace shekara Baffa zai turo hoto ta waya: ga Soja fari tas. Kaka zai sa ni in buɗa masa hoton da yatsu, ya kalla, ya ce madalla.

Bara ne abin ya lalace. Na buɗa masa hoton, ya kalla ya daɗe. Ya ce, “Matsa da shi hagu.” Na matsa.

“Balarabe, ka ga akuyar nan?”

“Na gan ta.”

“Nemo min na bara.” Na nemo. “Nemo na bara waccan.”

Akuya ɗaya ce, a wuri ɗaya, ta ɗaga ƙafa ɗaya, da cikinta rim.

Ya ce, “Ikon Allah. Bara waccan da ciki, bara da ciki, bana da ciki. Ko giwa ce ai ta haihu.”

Na yi dariya har na faɗo daga kan gado. Da na ɗago sai na ga ni kaɗai nake yi.

Da Baba ya dawo daga ofis, ko takalmi bai cire ba Kaka ya ce, “Kai, ba ni fasfona.” Bai taɓa kiran sunan Baba ba, ɗan fari ne.

Baba ya durƙusa. “Alhaji, lafiya?”

“Gida za ni. Ba a yi wa Soja shafe ba.”

“Za a yi, in sha Allahu. Zan kira Baffa yanzu.”

“Kada ka kira min kowa. Ni zan je.”

“Alhaji, likita ya ce huhunka ba zai ɗauki jirgi ba. Daga filin jirgi kuma ga tafiyar mota wuni guda. Ina za a samu tukunyar iskar numfashi a hanya?”

“Na yi rarrafe a inda fitila ke mutuwa don rashin iska. Kujerar jirgi ce za ta kashe ni?”

“Ka yi haƙuri.”

“Kai kana loda wa mutane takalma da jakunkuna kana aikawa gida kullum. Ubanka ne kaɗai kayan da ba ya wucewa?”

Baba ya sunkuyar da kai. Fasfo dai bai fito ba.

Kaka ya shiga yajin aiki. Ya daina cin tuwon Umma, sai burodin Larabawa da shayi, wai ba zai ci abincin gidan da aka tsare shi ba, kamar burodin daga sama yake faɗowa. Ya haɗa kayansa cikin jaka ya ajiye bayan ƙofa. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce, “Ka same ni a kan hanya.” Umma tana zuba masa miyar kuka a kofin shayi tana ajiyewa ba ta cewa komai, shi ma yana shanyewa ba ya cewa komai.

Ana cikin haka na raka Baba Jebel Ali. Mun yi nisa, hanya ta miƙe, babu komai sai manyan motoci da rairayi, sai ya kashe rediyo. Ya ce, “Zan faɗa maka magana, in ta fita na san bakin da ta bi.” Ya ce wani sabon kamfani ya karɓi wurin tun shekarar da Kaka ya taho. Su ba sa shiga rami, daga sama suke yaye ƙasa da katafila. An tashi mutanen garin an mai da su wani fili a bakin titi. Tsohon garin duk yana cikin shingen waya yanzu, da Soja a ciki. Baffa ba ha'inci ya yi ba, shiga ce ba a bari, shi da Baba suka shirya maganar hoton.

Na ce, “To a faɗa masa mana.”

Ya ce, “In ce masa me? Gidan da ya gina babu, masallacin babu? Mutumin da numfashinsa ke hannun inji?” Ya goge fuska da tafin hannu. “Na gaji, wallahi. Ko na faɗa na cuce shi, ko na yi shiru na cuce shi.”

Ni da aka sani ko kyanwa ce ta haihu a bene sai na sanar da duniya, na riƙe wannan magana.

Wata Juma'a da yamma na kai Kaka bakin ruwa ya sha iska, da 'yar tukunyar iskarsa a bayana kamar jakar makaranta. Muka hau abra, ƙaramin jirgin katakon nan da ke tsallaka da mutane. Yana son ta, wai ita kaɗai ce abin hawa a garin nan da ba ta yi wa mutum ƙarya game da abin da ke ƙarƙashinsa. Muna tsakiyar ruwa ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

“Sun kai gindinsa?”

Na ce, “Su wa?”

“Balarabe, ƙarya ma ba ka iya ba. Kwana nawa ba ka tsokane ni ba? Na san an ba ka ajiya.”

Injin abra na ta tatata.

Ya ce lokacin da suke aiki, ramin ya bi ta ƙarƙashin filin nan. Da suka zo daidai ƙasan Soja sai leburori suka ƙi sara. Suka zagaye wurin, suka bar kwal ɗin yadda Allah ya yi shi, don kada ƙasa ta zauna Soja ya karkace. “Kuma mai kyau ne, mai ƙyalli, irin wanda ke kama wuta da wuri. Duk wanda ya zo neman kwal a tudun nan, can zai ƙare. Tun ina can na ga masu awo da sandunansu. Ni ba yaro ba ne.”

Na ce, “To Kaka, in ka san za su ture shi, wahalar me za ka je yi?”

Ranar ce kaɗai na kira shi Kaka a gabansa. Ya juyo ya kalle ni kamar na yi tambayar da ta fi ta kowa wauta a duniya.

“In sun zo su same shi fari. Su san yana da masu shi.”

Mai Sanyi ne ya kawo ƙarshen yajin aikin. Sanin su ya fara ne tun ranar da ya zo gyara mana esi, yana kan tsani ya ji tarin Kaka daga ɗaki. Ya sauko ya leƙa ya ce, “Baba tsoho, a ramin kwal ka yi aiki?” Irin tarin kakansa ne, in ji shi, a cikinsa ya girma. Da aka bi zance sai ga shi gari ɗaya ne, kuma ƙanen kakan nasa yana cikin waɗanda suka hau motar nan. Tun daga ranar Kaka ya mai da shi ɗa. Ranar hutunsa sai ya zo, Kaka ya ture masa naman da ke cikin kwanonsa, ya tambaye shi ko ya je coci, in ya ce aiki ya hana shi ya yi masa faɗa. Esinmu kuwa ya riƙa lalacewa fiye da na kowa a Deira. Daga baya na kama Kaka yana zare masa waya da sanda.

Mai Sanyi ya ce zai je gida hutun Kirsimeti, zai ratse ya je ya yi shafen da hannunsa. Kaka ya zaunar da shi ya koya masa kamar mai ba da sirrin magani. A jiƙa farar ƙasa tun jajibiri. A zuba gishiri don ta kama, da ɗan bula don farin ya fito. A fara wanke Soja da tsintsiya tukuna, kada a shafa a kan datti. Daga sama ake farawa.

“Kuma kada ka turo min hoto,” in ji shi. “Ka dawo ka nuna min farcenka.”

A ranar ya ci tuwo, malmala biyu. Amma jakar bai ɗauke ta daga bayan ƙofa ba.

Bai kai Kirsimeti ba. Wata safiya bayan ya idar da sallah numfashin ya ƙi, muka tafi asibiti, kafin azahar an rufe masa fuska. Baba ya yi tunanin kai shi gida, sai ya rasa wane gidan. Aka gama takardu aka yi masa sutura a nan. Masu wanka sun ga wasu ɗigo-ɗigo shuɗaye a hannuwansa da goshinsa, suna ta gogawa. Baba ya ce su bari, kwal ne da ya shiga ciwo fata ta rufe a kansa, ba ya fita. Kabarin rairayi ne fari, mai laushi, ko dutse ɗaya babu. Da na leƙa ciki sai na ji ina son in tambayi mutumin da ya haƙa me ya tokare shi. Ban tambaya ba.

Allah ya jiƙanka, Alhaji Kwal, ya yalwata maka inda kake, ya ba ka iska mai yawa. Gadon ya dawo hannuna, amma har yanzu a katifa nake kwana.

Mai Sanyi ya cika alkawari. Baba ya gaya masa maganar shingen kafin ya tafi, ya ce duk da haka zai gwada. Bayan Kirsimeti ya ɗauki motar haya, ya kwana a sabon matsugunin wurin Baffa, suka jiƙa farar ƙasa, da gishirin da bular. Da safe suka ɗauki bokiti da tsintsiya zuwa ƙofar kamfanin. Daga nan ya kira mu. Ya ce yana hango kan Soja ta saman tarin ƙasa, baƙi ƙirin, yana tsaye, ramin katafila bai kai gare shi ba tukuna amma ya kusa. Mai gadi ya saurare su da kyau, har ya ba su benci, amma ya ce ba shi da ikon barin kowa ya shiga sai da izini daga ofishinsu na birni, ofishin kuma yana hutu. Suka jira har rana ta karkata. Motar komawa ta ƙarshe za ta tashi, don haka Mai Sanyi ya bar wa mai gadin bokitin da tsintsiyar, ya maimaita masa cewa daga sama ake farawa. Mai gadin ya ce in ya samu sarari zai shafa.

Mai Sanyi ya dawo aiki bayan sabuwar shekara. Ya kira lambar mai gadin sau da yawa, ba ta shiga. Baffa ya koma ƙofar, ya tarar an canza masu gadi.